Yankan Tonsil da Nauyin Jikin Yara: Tarihin Wata Jayayya ta Likitoci

Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun wata magana wadda likitocin Turai da Amurka suka yi shekara fiye da ɗari suna juyawa, watau dangantakar da ke tsakanin ƙwayoyin cutar maƙogwaro, da kumburin naman nan da su ke kira tonsil, da kuma nauyin jikin yaro. An daɗe da lura cewa in an yanke wa yaro tonsil ya kan yi ƙiba. Abin da ya sake shi ne fassarar da a ke yi wa wannan ƙiba. A zamanin da yawancin 'yan makarantar Ingila ramammu ne, an ɗauke ta shaidar warkewa. Da ƙiba ta zama cuta a ƙasashen nan kuwa, sai ta koma abin da a ke jan kunnen iyaye a kansa.

Wajibi ne mu fara rarrabe sunaye, gama bakin Hausawa ya kan haɗa abubuwan da likita ke rabawa. In mutum ya wangame baki gaban madubi zai ga wani ɗan nama yana reto a tsakiya, daga ƙarshen ganda. Wannan shi ne beli, ko hakin wuya, wanda wanzamai ke cirewa. Dama da hagun da shi kuwa, can cikin lungun maƙogwaro, akwai curin nama biyu masu kama da dabino. Su ne tonsil. Akwai kuma na uku wanda ba a ganinsa ta baki, yana bayan hanci, sama da ganda, sunansa adinoyid. Cikin 1884 wani masanin ƙirar jiki Bajamushe, Wilhelm Waldeyer, ya bayyana cewa waɗannan duk iri ɗaya ne, sun kewaye ƙofar maƙogwaro kamar zobe. Aikinsu shi ne su tari ƙwayoyin da ke shiga ta hanci da baki, su koya wa jiki yadda zai yaƙe su. Saboda haka su kan yi girma a ƙuruciya, sa'ad da yaro ke gamuwa da cututtuka karo na fari, sa'an nan su riƙa motsewa in ya doshi balaga. Mai karatu ya riƙe wannan, don rashin kula da shi ya jawo ɓarna mai yawa daga baya: babban tonsil a bakin yaro ɗan shekara shida ba lalle ba ne ya zama cuta.

Yankan kansa tsohon aiki ne. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya kwatanta yadda a ke ƙwaƙule tonsil da yatsa, in ya ƙi a kama shi da ƙugiya a yanke da wuƙa, kana a kurkure baki da ruwan inabi mai tsami. Amma aiki ne mai zafi da zubar jini, ba a yinsa sai dole. Cikin 1828 wani likitan Filadalfiya, Philip Syng Physick, ya ɗauki wani ƙarfe da aka ƙera don datse beli, ya gyara shi ya zama na datse tonsil. Ashe dai likitocin Turai ma sun yi zamaninsu na yankan beli, har kayan aikinsa ne ya haifi na tonsil. Da aka samo maganin sa barci, ita cikin 1846, kulorofom cikin 1847, sai hanya ta buɗe. Cikin 1867 kuma Wilhelm Meyer na Kofanhegan ya zura yatsa bayan gandar wata budurwa mai kurumta, ya taɓo naman adinoyid, ya kankare shi, ta sami sauƙin ji da numfashi. Ya buga labarin cikin 1868. Tun daga nan aka shiga haɗa aikin biyu a yi su tare.

Likitocin ƙarshen ƙarni na 19 sun zana siffar yaron da su ke nufi da wannan aiki, kuma siffar ba ta da kama da mai ƙiba ko kaɗan. Yaro ne ramamme, mai sakin baki, mai ƙuntataccen ƙirji, yana minshari da dare, yana gyangyaɗi a aji, ba ya jin malami sosai. Cikin 1889 William Hill ya rubuta a mujallar likitocin Ingila cewa toshewar hanci da maƙogwaro tana cikin abubuwan da ke sa yaro daƙiƙanci. Ba ƙarya ya yi ba, gama akwai irin waɗannan yara, aikin kuwa yana yi musu amfani. Ɓarnar ta zo ne sa'ad da aka ɗauki abin da ya dace da kaɗan aka shimfiɗa shi kan kowa.

Abubuwa biyu suka haɗu suka kawo haka. Na fari ilmin ƙwayoyin cuta ne. Cikin 1874 Theodor Billroth na Biyana ya ga wasu ƙwayoyi jere kamar tsakiyar wuya a ƙarƙashin madubin likita, ya sa musu suna sitireftokokas, cikin 1884 kuma Friedrich Rosenbach ya ware irin da ke kawo mugunya. An gane wannan iri shi ke haddasa mugun ciwon maƙogwaro, an kuma lura cewa bayan irin wannan ciwo wasu yara su kan kamu da zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi, wanda ke lalata ƙofofin zuciya. Wannan zazzaɓi ya kashe yara da samari masu yawa a biranen Turai, magani kuwa babu. Har nan magana tana kan hanya. Amma sai William Hunter na Landan, cikin 1900 da kuma cikin wata lacca da ya yi a Jami'ar McGill ta Kanada cikin 1910, ya ce ruɓar da ke cikin baki tana zuba dafi cikin jini ta jawo cututtuka a wurare masu nisa. Frank Billings na Shikago ya ƙara faɗaɗa zancen daga 1912, ya ce haƙori da tonsil maɓoya ce ta ƙwayoyi, daga can su ke fita su kama gaɓoɓi da ƙoda da zuciya. Abokin aikinsa Edward Rosenow ya yi gwaje-gwaje da zomaye, ya ce ƙwayar da aka ɗebo daga mai ciwon gaɓoɓi, gaɓoɓi ta ke nema in an sa wa dabba. Wasu masana sun gwada ba su sami abin da ya samu ba, amma kafin nan magana ta riga ta gama gari. Iyakar inda ta kai shi ne asibitin masu taɓin hankali na Trenton a Amurka, inda shugabansa Henry Cotton ya riƙa cire wa marasa lafiya haƙora da tonsil, har da yankin hanji, wai don ya warkar da hauka. Mutane da yawa sun mutu a hannunsa.

Abu na biyu kuwa sha'anin mulki ne. A lokacin yaƙin da Ingila ta yi da Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, an mayar da samari da yawa da suka zo shiga soja saboda rashin ƙoshin lafiya. Hankalin hukuma ya tashi, ta kafa kwamiti wanda ya ba da rahotonsa cikin 1904. Daga nan aka yi dokar ciyar da yara matalauta a makaranta cikin 1906, da dokar duba lafiyar 'yan makaranta cikin 1907. To, likitan makaranta yana da yara ɗaruruwa a gabansa da ɗan lokaci kaɗan. Me zai iya dubawa cikin minti biyu ko uku? Ya aza yaro a sikeli, ya auna tsawonsa, ya ce masa ya buɗe baki. Sikeli ya nuna rama, baki ya nuna babban tonsil, ilmin zamanin kuma ya ce tonsil rumbun dafi ne. Ba abin mamaki ba ne da aka ɗaura ɗaya da ɗaya. Rama da rashin cin abinci suka shiga jerin dalilan da a ke rubutawa in za a aika da yaro wurin fiɗa. In ya dawo bayan 'yan watanni ya ƙara nauyi, iyaye su yi murna, likita ya ce ga shaida. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko nawa yaron zai ƙara in da an bar shi, alhali kuwa yaro mai girma kullum nauyi ya ke ƙarawa.

Wanda ya fara yin wannan tambaya da gaske shi ne Albert Kaiser, likitan yara a Rochester ta jihar Niyok. Ya bi yara 2,200 da aka yi wa aikin, ya gwada su da wasu 2,200 waɗanda ba a yi musu ba, ya duba su bayan shekara uku da bayan shekara goma, ya buga sakamakon cikin 1930. Ya tarar ciwon maƙogwaro ya ragu ga waɗanda aka yanka, amma cututtukan ƙirji ba su ragu ba, bambancin ƙungiyoyin biyu kuma gaba ɗaya bai kai yadda a ke zato ba. Aikinsa yana da rauni, tun da ba ƙuri'a ce ta raba yaran ba, iyayensu ne suka yarda ko suka ƙi. Duk da haka shi ya nuna hanya.

Amma gwajin da ya fi kowane tona asiri an yi shi ne a birnin Niyok, wata ƙungiyar kula da lafiyar yara ta Amurka ta buga shi cikin 1934. An ɗauki yara 1,000 masu shekara goma sha ɗaya daga makarantun gwamnati. Aka tarar 611 an riga an yanke musu tonsil. Sauran 389 aka kai su gaban wasu likitoci, suka ce 174 suna bukatar aiki. Aka ɗauki 215 da aka ce lafiyarsu lau, aka kai su gaban wasu likitocin dabam waɗanda ba su san an riga an duba su ba, suka zaɓi 99. Sauran 116 aka sake kai su karo na uku, aka zaɓi 51. Watau cikin yara dubu, 65 kaɗai suka tsira da tonsil ɗinsu ba tare da wani ya ce a yanke ba. Mai karatu ya lura da lissafin: karo na fari kashi 45 cikin 100, na biyu 46, na uku 44. Da a ce ciwo likitocin ke gani a maƙogwaron yaran, da adadin ya faɗi ƙasa warwas a karo na biyu, tun da an riga an tsame masu ciwon. Da ya ke bai faɗi ba, ba mu da abin cewa sai dai ma'aunin yana cikin kan likita. Kowanne ya saba da cewa wajen rabin yaran da ke zuwa gabansa sun cancanci wuƙa, sai ya jera su daga mai babba zuwa mai ƙarami ya raba biyu. A ganina duk malamin da ke koya wa ɗalibai yadda a ke auna hujja ya kamata ya san wannan labari, gama ba likitoci kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. Mai gyaran takardun jarrabawa ma ya san kansa.

A Ingila kuwa J. Alison Glover, likita a ma'aikatar ilmi, ya karanta wata takarda cikin 1938 inda ya jera alƙaluman gundumomi. Ya nuna gunduma biyu maƙwabta, masu yara iri ɗaya da iska iri ɗaya, sai a ga ɗaya tana yankan ninki da yawa na ɗayar. Ya nuna 'ya'yan masu hali sun fi 'ya'yan talakawa shan wuƙa wajen sau uku, ko da ya ke su ne suka fi ƙoshi. Ya kawo misalin Hornsey, wata unguwa a arewacin Landan, inda sabon likitan makarantu ya rage aikin ƙwarai da gaske daga 1929, ciwon kunne kuwa bai ƙaru ba kamar yadda a ke tsoro. Ya kuma tuna wa masu sauraro cewa yara suna mutuwa kowace shekara saboda aikin, ta zubar jini ko ta maganin barci. A shekarar nan dai Russell Cecil da Murray Angevine na Niyok suka duba masu ciwon gaɓoɓi 200, suka ce cire haƙora da tonsil bai amfane su ba.

Hujja ba ta cika kau da al'ada da sauri ba. Tsoro ya fi ta hanzari. Cikin watan Agusta na 1941, a garin Akron na jihar Ohayo, an yanke wa yara biyar 'yan gida ɗaya tonsil rana ɗaya. Duka biyar suka kamu da shan-inna, irin mai tsanani wanda ke kama haɗiya da numfashi, uku suka mutu. Na shidansu, wanda ba a yi wa aikin ba, an sami ƙwayar cutar a jikinsa amma bai kwanta ba. Thomas Francis da abokan aikinsa suka buga labarin cikin 1942, daga nan asibitoci suka riƙa dakatar da yankan a lokacin da shan-inna ke yawo. Sa'an nan fenisilin ya zo. Rebecca Lancefield ta riga ta rarraba sitireftokokas rukuni-rukuni cikin 1933, aka san rukunin A shi ne mai laifi. Cikin 1950 Floyd Denny da Lewis Wannamaker da Charles Rammelkamp da wasunsu suka buga gwajin da suka yi a wani barikin sojan sama a jihar Wyoming: cikin sojoji 798 masu ciwon maƙogwaro da aka yi wa allurar fenisilin, biyu suka kamu da zazzaɓin gaɓoɓi da zuciya, cikin 804 da ba a yi musu ba, 17. Babban dalilin yankan ya faɗi ke nan, tun da allura ta yi abin da a ke fata wuƙa ta yi. Duk da haka cikin 1959 an yi aikin wajen sau miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a Amurka. Har cikin 1973 John Wennberg da Alan Gittelsohn suka sake samun abin da Glover ya samu, a jihar Vermont, inda wani yanki ke yankan 13 cikin kowane mutum 10,000, wani kuwa 151. Sai cikin 1984 Jack Paradise na Pittsburgh ya kawo gwaji na ƙuri'a, ya nuna aikin yana rage ciwon maƙogwaro ga yaran da ciwon ya addaba ƙwarai: sau bakwai cikin shekara ɗaya, ko sau biyar-biyar shekara biyu a jere, ko sau uku-uku shekara uku.

Bari mu ɗan ratse zuwa gida, gama akwai abin kwatance. A ƙasar Hausa wanzami ya kan cire wa jariri beli cikin kwanakin farko na haihuwa, wasu kuma sai yaro ya kamu da ciwo. Dalilan da a ke bayarwa su ne beli yana kumbura ya hana shan nono, ya kawo amai da tari, ya sa yaro ya rame. Wani bincike da Prual da abokansa suka buga cikin 1994 ya nuna a Yamai wajen yaro ɗaya cikin biyar an cire masa kafin ya cika shekara biyar. Likitoci sun yi ta kuka da abin da ya kan biyo baya, watau zubar jini, da ruɓar rauni, da ciwon sandarewa. Beli ba tonsil ba ne, wanzami kuma ba likitan fiɗa ba ne. Amma tunanin da ke ƙarƙashi ɗaya ne da na likitan makarantar Ingila na 1920: ga yaro ba ya ƙiba, ga wani nama a maƙogwaronsa, a cire shi. Hujjar ma ɗaya ce, cewa an cire wa wane ya yi ɓulɓul. Wanda zai yi wa wanzami wa'azi da sunan ilmin zamani, ya kyautu ya san cewa ilmin nan ya yi shekara hamsin yana tafiya kan irin wannan hujja. Ya kuma sani cewa a ƙasashenmu haɗarin da ya fi girma shi ne a bar ciwon maƙogwaro na rukunin A ba magani, gama ciwon zuciyar da ya ke jawowa, wanda ya yi wuyar gani a Turai, bai bar Afirka ba.

Mu koma ga maganarmu. Da dalilin ƙwayoyin cuta ya yi rauni, sai wani tsohon dalili ya farfaɗo da sabon suna. Cikin 1976 Christian Guilleminault da abokansa a Jami'ar Stanford suka kwatanta yara takwas waɗanda numfashinsu ke yankewa cikin barci saboda toshewar maƙogwaro. Yaron nan ne dai na William Hill, mai minshari da gyangyaɗi, sai dai yanzu an sami na'urar da za ta kwana tana ƙirga sau nawa numfashinsa ya tsaya, da yadda iskar jininsa ke raguwa. Wani bincike a gundumar Olmsted ta jihar Minnesota ya nuna cikin 1970 kashi 12 cikin 100 na aikin ne a ke yi saboda toshewar numfashi, cikin 2005 kuwa kashi 77. A nan aka fara samun bayani mai ma'ana game da ƙibar bayan aiki. Cikin 1994 Carole Marcus ta auna ƙarfin da irin yaran nan ke ƙonawa cikin barci, ta tarar ya ragu bayan an yi musu aiki, nauyinsu kuma ya hau. Yaron da ke kokawa da numfashi dare duka kamar mai aikin ƙarfi ne, abincinsa a nan ya ke ƙarewa. Ga shi kuma sinadarin da ke sa girma cikin barci mai nauyi jiki ya fi fitar da shi, barcin da toshewa ke katsewa. Haɗiya ma ta kan yi sauƙi in an kau da abin da ya tsaya a hanya. Ashe tsofaffin likitoci sun ga gaskiya da suka ce yaro ya kan yi ƙiba, dalilin da suka bayar ne na dafin ƙwayoyi ya kauce.

Sai dai kafin a gane haka yaran sun riga sun sake. Wani babban lissafi da aka buga cikin 2017 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 da ƙibarsu ta kai matsayin cuta sun tashi daga miliyan 11 cikin 1975 zuwa miliyan 124 cikin 2016. Mai ƙiba kuwa kitse ya kan taru a wuyansa da gindin harshensa ya matse hanyar iska, har tonsil matsakaici ya ishe shi toshewa. Likitoci sun san wannan ga manya tun 1956, sa'ad da Sidney Burwell ya ari sunan Pickwick daga labarin Charles Dickens, inda akwai wani yaro mai teɓa da ke barci ko'ina ya zauna. Yanzu sai ga irinsa sun cika ɗakin jiran likitan maƙogwaro. A nan gizo ke saƙa: ƙiba tana kawo toshewa, maganin toshewa yankan tonsil ne, yankan kuwa yana ƙara ƙiba. Cikin 2011 Anita Jeyakumar ta tattara bincike tara da suka shafi yara 795, ta ga nauyi yana hawa bayan aiki fiye da yadda girma kaɗai zai kawo. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda Marcus ta shugabanta, aka buga cikin 2013. Yara 464 masu shekara biyar zuwa tara, masu yankewar numfashi, aka raba su da ƙuri'a, rabi a yi musu aiki nan da nan, rabi a sa musu ido wata bakwai. Numfashin barci ya daidaita ga kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yanka, da kashi 46 na waɗanda aka bari, watau kusan rabi sun warke don kansu. Masu ƙiba ba su sami daidaituwar nan kamar sauran ba. Cikin 2014 Eliot Katz ya duba nauyin yaran nan, ya tarar cikin waɗanda tun farko nauyinsu ya ɗan wuce kima, kashi 52 na waɗanda aka yanka sun shiga sahun masu ƙiba ta cuta, na waɗanda aka bari kuwa kashi 21.

Ƙwayoyin cuta ma sun dawo cikin zancen ta wata ƙofa. Tun wajen 1950 Thomas Jukes da Robert Stokstad suka gano cewa 'yan tsaki sun fi saurin girma in an zuba musu ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci, manoman Turai da Amurka suka yi shekaru suna kiwo da shi, har Tarayyar Turai ta hana cikin 2006. A shekarar nan ɗakin binciken Jeffrey Gordon a St Louis ya ɗebi ƙwayoyin hanjin ɓeraye masu ƙiba ya sa wa ɓerayen da aka rena ba ƙwaya ko ɗaya a jikinsu, suka tara kitse fiye da waɗanda aka sa wa na ramammu. Cikin 2013 kuma wani bincike kan yara fiye da 11,000 na yankin Bristol ya nuna waɗanda aka ba irin magungunan nan kafin su cika wata shida sun ɗan fi sauran nauyi a shekarunsu na fari. Da aka sami hanyar gane ƙwayoyi ta karanta sinadarin gadonsu, ba sai an shuka su a faranti ba, sai aka tarar ramukan tonsil cike su ke da iri-iri, har ga mai lafiya, aka shiga gwada na yara masu ƙiba da na marasa ƙiba.

Mai tarihi ba zai rasa jin ƙamshin Billings da Rosenow a nan ba, ko da ya ke kayan aikin yau sun fi nasu nesa ba kusa ba. In an sami wata ƙwaya ta fi yawa a tonsil ɗin mai ƙiba, fassara uku ce ke gabanmu. Ko ƙwayar ce ta kumbura tonsil ta taɓa nauyin jiki, ko ƙibar da irin abincin da ya kawo ta ne suka sake wa ƙwayoyin mazauni, ko kuwa wani abu na uku ne ya taɓa duka biyu, kamar magungunan da a ke yawan ba yaro mai ciwon maƙogwaro, ko kwana da baki buɗe wanda ke busar da shi. Gwajin ɓeraye ya yi ƙarfi ne domin an ɗauki ƙwayar an sa, an ga abin da ya biyo. Gwada tonsil da tonsil ba ya iya raba fassarorin nan uku. Akwai kuma wata wahala: naman da ke zuwa ɗakin bincike na yaran da aka yi wa fiɗa ne, watau marasa lafiya, gama ba mai yanke tonsil ɗin lafiyayyen yaro don a sami abin kwatance.

Ƙa'idodin da ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar cikin 2011, ta kuma sabunta cikin 2019, sun ɗauki adadin Paradise: yaron da ciwon maƙogwaronsa bai kai sau bakwai a shekara ba, ko biyar-biyar, ko uku-uku, a sa masa ido, kada a yi gaggawar yanka. In saboda numfashi ne kuwa, yaron kuma mai ƙiba ne, sun ce a kwana da shi a na'urar auna barci kafin aiki, a kuma gaya wa iyayensa cewa toshewar tana iya saura ko ta dawo bayan an cire tonsil.